Tarantular da Ta Daina Cin Abinci: Nazarin Lamari

Wannan rubutu a kan tarantula (wani babban gizo-gizo mai gashi) guda ɗaya ne da mai kiwonta, tun daga lokacin da ta daina karɓar abinci har zuwa ranar da ta koma ci. Na ga ya dace a rubuta shi dalla-dalla domin kusan duk abin da sabon mai kiwo ke buƙatar sani ya fito a cikinsa. Mai kiwon nan ba sakaci ya yi ba. Yana son halittar nan ƙwarai, sai dai irin kulawar da ake yi wa kyanwa ko tsuntsu ya yi mata, alhali jikinta ba haka yake aiki ba.

Wace irin halitta ce

Tarantula tana cikin rukunin gizo-gizon da masana ke kira Mygalomorphae. Gizo-gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki ba ɗan wannan rukuni ba ne, fiƙoƙinsa biyu suna fuskantar juna. Na 'yan Mygalomorphae a jere suke suna kallon ƙasa, shi ya sa in tarantula za ta sari abu sai ta ɗaga gabanta ta sauko a kansa. Huhunta huɗu ne, duk a ƙarƙashin ciki, kowanne da 'yar kafar da iska ke shiga. Yawancin 'yan rukunin mazauna rami ne, ba su cika motsi ba, abinci kaɗan ke riƙe su, kuma suna da tsawon rai. Wadda ta fi shahara da daɗewa ita ce wata mai yi wa bakin raminta murfi a yammacin Ostireliya, wadda masaniya Barbara York Main ta fara bibiya a 1974 ta kira ta Lamba 16. Sai a 2016 ta mutu, tana da shekara 43. A rukunin ne kuma ake samun Atrax robustus na yankin Sidni a Ostireliya, wanda dafinsa ya kashe mutane kafin a samar da makarinsa a 1981, kuma wannan ba abin ajiyewa a gida ba ne. Duk wanda ya ce yana kiwon ɗan wannan rukuni, galibi tarantula yake nufi, wato dangin Theraphosidae mai nau'i fiye da 1,000.

Ta wannan lamari nau'in Brachypelma hamorii ce, mai baƙin jiki da ja-ja a gwiwoyi. Asalinta yammacin Meksiko, jihohin Kolima da Halisko da Mishowakan, dajin da ke da dogon rani, inda take zama a rami ƙarƙashin duwatsu da saiwoyi. Mai kiwon ya san ta da sunan Brachypelma smithi, kuma ba laifinsa ba ne. Shekaru da yawa da wannan suna ake sayar da ita, sai a 2017 masana Jorge Mendoza da Oscar Francke suka fayyace cewa yawancin waɗanda ke hannun masu kiwo hamorii ne. Kulawar nau'o'in biyu ɗaya ce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta zo da takardar da ke nuna a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe ta, ba daga daji aka tono ta ba. Yawan kwasar su daga daji ne ya sa aka saka smithi a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, a 1985, kimanin shekara goma bayan nan aka haɗa da dukkan dangin Brachypelma. Wanda ke son halittar nan da gaske, ya tambayi wannan takarda kafin ya tambayi komai.

Faɗinta daga ƙafa zuwa ƙafa ya kai santimita 10, wato ta tasa amma ba ta gama girma ba. Ta yi 'yan watanni a hannunsa.

Abin da ya kawo kuka a kai, da abin da na tarar

Kukansa huɗu ne. Ta yi kusan wata biyu ba ta ci ba. Kullum tana manne a jikin gilashi, ba ta sauka ƙasa. Gashin bayan cikinta ya zube, wurin ya yi sanƙo, daga baya ya yi baƙi ƙirin. Sannan tana jan ƙafa ɗaya ta baya. Shi a ganinsa cuta ce guda ta haifar da duka huɗun, kuma magani yake nema.

Kafin in dubi tarantular, akwatin na fara duba, don a harkar nan nan ne yawancin amsa take. Akwatin gilashi ne irin na kiwon kifi, tsayinsa ya kai santimita 40, ƙasar da ke ciki kuwa ba ta wuce santimita 3 ba, kuma jiƙe take sharaf domin kowace safiya yana fesa mata ruwa. Murfin na ragar waya ne. A ƙarƙashin akwatin akwai faifan ɗumi mai aiki da lantarki. Kwanon ruwan cike yake da soso. Babu wurin ɓuya. Gyare masu rai suna ta kai-komo a ciki, domin duk lokacin da ya ga ba ta ci ba sai ya ƙara wani, ko za ta yi sha'awa. Ya kuma gaya mini yakan ɗauke ta a tafin hannu don ta saba da shi.

Hawan gilashin ba cuta ba ne, gudun ƙasar take yi. Nau'in nan busasshiyar ƙasa yake so, kuma da yake huhunta a ƙasan ciki yake, zama a kan laka ba ya mata daɗi. Ga shi kuma ƙasar da zafi daga ƙasa. Ɗabi'ar tarantula ita ce in zafi ya dame ta ta tona ƙasa ta nemi sanyi, to a akwatin nan duk tonon da za ta yi kusantar wutar yake kai ta. Ba ta da mafita sai sama. Sama kuma nan haɗarin yake. Fatar cikin tarantula siririya ce, cikin kuma nauyi gare shi, faɗowa daga tsayin da bai kai kamu biyu ba tana iya fasa shi, kuma wadda cikinta ya fashe da wuya ta rayu. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ga nau'in da ke zama a ƙasa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙasa da murfi kada ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi. Tata ta ninka haka fiye da sau biyu.

Ƙafar da take ja ma daga nan ta samo asali. A ƙarshen kowace ƙafa akwai 'yan ƙananan farata, kuma suna maƙalewa a mahaɗar ragar waya. Da na tambaye shi, ya tuna wata safiya ya same ta tana lilo daga murfin da ƙafa ɗaya, ya taimaka mata ta sauka. Sa'a aka yi ba ta faɗo ba.

Soson kuwa tsohuwar shawara ce da ta ƙi mutuwa. Ana cewa wai tarantula za ta nutse a ruwa in ba a sa shi ba. Ba ta nutsewa a kwano marar zurfi, kanta take sawa ta sha. Soso dai matattarar ƙwayoyin cuta ne da ƙazantar gyare.

Yunwa, ƙishirwa, ko saɓa

A nan ne lamarin ke buƙatar natsuwa, domin abubuwa uku ne ke iya sa tarantula ta ƙi abinci ta yi sanyi, kuma abin da ya dace da ɗaya yana iya cutar da ɗaya.

Yunwa ce mafi sauƙin kawarwa. Girman ciki ake dubawa, ba a ƙirga kwanaki. Nata cikin ya fi gaban jikinta girma, a cike yake, sumul. Tarantula mai irin wannan ciki ba ta cikin haɗarin yunwa. Halittun nan ba sa ɗumama jikinsu da abinci kamar mu, don haka abin da suka tara yana kai su nesa. Tarantular Grammostola rosea ta ƙasar Cile ta yi suna wajen ƙaurace wa abinci watanni da yawa ba tare da ta rame ba.

Ƙishirwa ita ce abin tsoro, ita ke kisa da sauri. Dalilin yana cikin yadda ƙafafunta ke aiki. Tana da tsokar da ke lanƙwashe ƙafa, amma a manyan gaɓoɓi biyu na kowace ƙafa babu tsokar da ke miƙe ta. Da matsin jini take miƙewa. Idan ruwan jiki ya ragu matsin sai ya faɗi, ƙafafun su fara naɗewa zuwa ƙarƙashin jiki, cikin ya yamutse. Tarantular da aka samu a kife a kan cikinta, ƙafafu a dunƙule ƙarƙashinta, tana bakin mutuwa, kuma abin yi shi ne a kusanto bakinta ga ruwa nan take, a kula kada ruwan ya taɓa kafofin huhun. Wannan ba ta nuna ko ɗaya daga cikin alamomin nan ba. Ƙafafunta bakwai a miƙe suke, riƙonta da ƙarfi.

Saura saɓa, kuma sanƙon nan da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya ba da amsa. Yawancin tarantulolin nahiyar Amurka suna da wani irin gashi mai ƙaiƙayi a bayan ciki, wanda suke karcewa da ƙafafun baya su watsa wa abin da ya tsorata su. Sanƙon shaida ce cewa ta daɗe a tsorace, tsakanin gyaren da ke hawa kanta da hannun da ke ɗaukarta. To amma sanƙo sabo launinsa fari-fari ne. In ya koma baƙi yana sheƙi, sabuwar fata ce da sabon gashi suke nunawa ta ƙarƙashin tsohuwar. Tarantula ba ta da ƙashi a ciki, ɓawon jikinta ne ƙashinta, kuma ba ya girma. Don ta ƙaru dole ta gina sabo a ƙarƙashi ta fita daga tsohon. Ƙanana suna yin haka bayan 'yan makonni ko watanni, manyan mata kamar sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka. Kafin lokacin sukan daina ci, domin saɓar ba ta tsaya a waje ba, har rufin cikin maƙogwaro da na tumbin da take tsotso da shi da na huhu duk sai sun fita.

Ashe ba cuta ɗaya ba ce. Ƙin cin abinci da baƙin sanƙo alamun lafiya ne, jiki na shirin girma. Hawan gilashi da ciwon ƙafa kuwa laifin akwati ne. Abin damuwar shi ne za ta shiga lokaci mafi rauni a rayuwarta a cikin akwatin da bai dace ba.

Shawarar da aka yanke

Hanya biyu ce a gabanmu. Ko a sauya mata akwati gaba ɗaya nan take, ko a bar ta a inda take a rage haɗarin. Mai kiwon ya fi son ta farko, kuma na fahimce shi, wanda ya gano kuskure yana son ya share shi a yini ɗaya. Ni ban goyi baya ba. Tarantular da ke dab da saɓa ba ta da kuzari, riƙon ƙafafunta a kan gilashi yana raguwa, kuma kora ta cikin kofi a kai ta sabon wuri na iya sa ta zabura ta faɗi, ko ta ɓata ƙarfin da take tarawa. Kada garin neman gira a rasa ido. Da a ce ƙasar ta yi fumfuna ko ƙwari sun cika ta, da na ce a ɗauke ta ko da haɗarin, amma ba ta kai haka ba.

Abin da aka yi kaɗan ne. An kwashe gyaren duka da dogon hantsaki. Wannan shi ne mafi gaggawa, domin gyare mai yunwa yana gatsar tarantular da ke kwance da laushin jiki, kuma ba ta iya kare kanta. An cire faifan ɗumin. Ma'aunin zafi ya nuna ɗakin yana tsakanin digiri 22 da 26, wanda ya ishe ta. An daina fesa ruwa. An jefar da soson, an cika kwanon da ruwa zalla. Sannan, a lokacin da take manne a kusurwa ɗaya, an riƙa zuba busasshen garin ɓawon kwakwa a hankali daga ɗaya gefen har ƙasar ta taso sosai, aka danne ta, aka kifa rabin ɓawon itace a kai ya zama ɗaki. An rufe ragar daga ciki da farantin roba mai ƙananan huji. Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi yi masa wuya: babu ɗauka, babu taɓawa, babu abinci, ruwa kawai za a riƙa dubawa.

Na kuma tambaye shi game da maganin ƙwari, tambayar da nake yi wa kowa. Maganin sauro na fesawa ko na ƙonawa, da maganin ƙuma da ake ɗiga wa kare ko kyanwa, duk suna iya kashe tarantula, ko da a hannu aka kawo ɗan ɓurɓushinsu. Saboda haka ne ma ba a ba ta ƙwarin da aka kamo a waje. Shi ba ya amfani da su a ɗakin.

Ba a yi kwana biyu ba ta sauko ta zauna a kan busasshiyar ƙasar, ba ta sake hawa gilashi ba.

Saɓar

Bayan kamar mako biyu ya kira ni da dare muryarsa na rawa.

"Yaya, ta mutu. Ga ta nan a rigingine, ƙafafu a sama."

Na tambaye shi ko akwai saƙa a ƙarƙashinta. Ya ce akwai, ta shimfiɗa farin zare kamar tabarma. Na ce masa kada ya buɗe murfin, kada ya girgiza teburin, ya rage haske ya koma gefe.

Wannan kuskure ya kashe tarantula da yawa. Mai kiwo ya ga ta kwanta a bayanta, ya birkito ta don ya taimaka, ko ya ɗauka gawa ce ya zubar. Tarantula mai mutuwa a kife take dunƙulewa. Wadda ta kwanta rigingine a kan saƙarta saɓa za ta yi. Takan yi sa'o'i a haka ba motsi, tana tura jini zuwa gaban jiki har murfin bayanta ya ɓalle, sannan ta zaro fiƙoƙi da ƙafafu daga tsofaffin kubensu a hankali. In aka dame ta a tsakiya tana iya maƙalewa, sabon ɓawon ya fara tauri alhali ba ta gama fita ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa ruwan sha ya fi komai muhimmanci a makonnin da suka gabata, don da ruwan jikinta take yin aikin duka.

Da gari ya waye ta fita. Ƙafar da ta ji ciwo ba ta fito tare da ita ba, ta bar ta a tsohuwar fatar. Tarantula tana iya yar da ƙafa daga mahaɗarta da jiki, wurin ya toshe da kansa. Ya duba bai ga jini na tsatsa ba. Jinin nata ba ja ba ne, ruwa-ruwa ne mai ɗan shuɗi, saboda sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsa jan ƙarfe gare shi. Sanƙon ya tafi, sabon gashi ya rufe cikin, gwiwoyin sun yi ja fiye da yadda ya taɓa gani.

Nan ma sai da aka riƙe shi, domin yana ɗokin ya ba ta abinci tunda ta yi wata biyu da rabi ba ci. Fiƙoƙin sabuwar saɓa farare ne masu laushi, daga nan su yi ja, sannan su koma baƙi. In ta sari abu kafin su yi baƙi suna iya karyewa, kuma mai karyayyun fiƙoƙi ba ta da hanyar ci sai wata saɓar. Ga mai girmanta, kwana 10 zuwa 14 ake jira. Da lokacin ya cika aka jefa mata gyare ɗaya, ta cafke shi kafin ya yi taku biyu.

Bayan ta warware

Sai da ta ci sau biyu aka mayar da ita gidanta na dindindin: akwati mai faɗi marar tsayi, tsawonsa kamar faɗin ƙafafunta sau uku, ƙasa mai zurfin da za ta iya tonawa, huji a gefe da sama don iska ta ratsa, ɓawon itace, kwanon ruwa. Ba da hannu aka ɗauke ta ba, kofi aka kifa mata aka zura kwali a ƙasa, kuma a kan daɓe aka yi aikin. Ciyarwarta yanzu gyare ko kyankyason kiwo ɗaya ko biyu a mako ɗaya zuwa biyu, girman abincin bai wuce cikinta ba, kuma duk abin da ba ta ci ba ana cire shi washegari. Da yake narkar da abinci take yi a waje ta tsotse, takan bar ɗan dunƙulen saura, shi ma ana ɗauke shi kada ya jawo fumfuna.

Maganar ɗauka a hannu mun daɗe a kanta. Ra'ayina shi ne tarantula ba ta samun komai daga wannan, ba ta sabo da mutum yadda kare ke yi, kuma kowace ɗauka caca ce da ranta. Mai ɗaukar ma ba ya tsira. Ƙaiƙayin da ya riƙa ji a yatsu, wanda ya ɗauka sabulu ne, gashinta ne. In gashin nan ya shiga ido yana iya nutsewa ya jawo kumburin da sai likitan ido, don haka wanke hannu bayan taɓa akwati ko tsohuwar fata wajibi ne. Dafin Brachypelma ba shi da ƙarfi ga mutum. Tarantulolin Afirka da Asiya kuwa, irin su Pterinochilus murinus da dangin Poecilotheria, ba su da gashin ƙaiƙayi, amma suna da sauri, kuma saransu na jawo ɗaurewar tsoka mai tsanani na kwanaki. Da ya ce yana tunanin ƙara ɗaya daga cikinsu, na ce ya bari sai ya ga saɓa biyu ko uku a hannunsa tukuna, kuma ko ya ƙara, kowace da akwatinta, don in aka haɗa su ɗaya za ta cinye ɗaya.

Tsohuwar fatar ta amsa wata tambaya da bai yi ba. Mun jiƙa ta, muka buɗe ɓangaren ciki, a tsakanin huhu biyun gaba muka ga 'yar jakar da mace ke adana maniyyi. Mace ce. Namijin nau'in nan in ya balaga yakan daina saɓa, ya tashi neman mace, kuma ba ya daɗewa bayan haka. Macen kuwa tana iya kai shekara 25 zuwa 30. Na gaya masa ya rubuta yadda ake kula da ita a takarda ɗaya ya liƙa a gefen akwatin, da ranar saɓa da ranar kowace ciyarwa, saboda duk wanda zai riƙe masa ita in ya yi tafiya ko rayuwa ta sauya masa wuri. Ya yi hakan. Ƙafar da ta rasa za ta fito a saɓa mai zuwa, siririya kuma gajeriya, sai ta ƙara saɓa ɗaya ko biyu kafin ta kamo sauran.